FITILAR BAYAN BABUR DA GYARAN MAHAƊAN WAYOYINTA

Mai babur yana ganin hasken fitilarsa ta gaba, yana jin ƙarar hon, yana kuma jin birki a ƙafarsa. Abu guda ne ba ya iya gani muddin yana bisa sirdi, watau fitilar baya. Tana iya mutuwa tun a Zariya, shi kuwa bai sani ba har ya shiga Kaduna. Wanda ke tafe a bayansa ne kaɗai zai gane ta mutu, shi ma sau da yawa ba ya ganewa sai ya zo dab da shi.

A da, abin da ke kashe wannan fitila bai wuce ƙonewar ƙwai ko tsufan waya ba. Yanzu kuwa an sami wani sabon sanadi. Da wuya mutum ya sayi babur ya bar shi yadda ya fito daga kamfani. Wani ya sa cajar wayar hannu, wani ƙararrawar tsare ɓarawo, wani na'urar bin sawu, wani fitilun ado masu walƙiya, wani sifika, wani kuma kariyar ƙarfe ta ɗaukar kaya. Yawancin waɗannan abubuwa suna da amfani. Amma kusan dukkansu a ƙarƙashin sirdi ko a bayan murfin gefe ake jona su, nan ne kuwa damin wayoyin fitilar baya ya ratsa. A wajen aikin akan yanka waya, a fere mata roba, a fizge mahaɗi, a murɗa, a naɗe da salatif, a rufe. Ran da aka yi aikin komai yana kamawa. Bayan 'yan makonni sai fitilar baya ta soma wasa, tana kamawa tana ɗaukewa, har ta mutu gaba ɗaya.

Wannan bayani an shirya shi ne domin masu babura, da 'yan acaɓa, da makanikai, da yaran da ke koyon aikin rewaya, su san inda ɓarnar take aukuwa da yadda ake gyara ta gyara mai ƙarko.

Abin da ya sa ake kula da ita

Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Wadda ke gudun kilomita 100 kuwa tana cin kusan mita 28. Kafin direba ya ga abu, ya gane ko mene ne, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. Bayan ya taka kuma motar ba nan take za ta tsaya ba. A gudun kilomita 80, a kan busasshiyar kwalta, daga sa'ad da direba ya hango abu tana bukatar fiye da mita 50 kafin ta tsaya cak. Babbar mota mai kaya tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Babur kuwa siriri ne, mahayinsa kuma sau da yawa yana sanye da tufafi masu duhu. In jar fitilarsa tana ci, ana hango shi tun daga nesa. In ta mutu, ba a ganinsa sai hasken motar ya faɗa kansa, a lokacin nan kuwa sauran filin da ya rage bai isa a tsaya ba. Abin ya fi muni da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe sararin arewa, da kuma damina, sa'ad da ruwa ke dukan gilashin mota.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Direban mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur ba shi da abin da ke tsare bayansa sai wannan 'yar jar fitila.

Yadda wutar take tafiya

Wanda zai gyara abu lalle ne ya san yadda aka shirya shi. A yawancin ƙananan babura, ƙwan fitilar baya guda ɗaya ne, amma zare biyu ne a cikinsa. Ƙaramin zaren mai wat 5 ne, shi ke ci da dare domin a ga babur. Babban mai wat 21 ne, shi ke haskawa in an taka birki. A kan wutar bolt 12, ƙaramin yana jan abin da bai kai rabin amfiya ba, babban kuwa yana jan amfiya 1.75. A gindin ƙwan akwai 'yan kusoshi biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsayi daga ƙasa, an yi haka ne domin kada a sa shi a juye.

Saboda haka wayoyi uku ne ke shiga fitilar: ta hasken dare, ta birki, da kuma ta uku wadda ke mayar da wuta zuwa jikin ƙarfen babur, daga nan ta koma batir. Wannan ta ukun ita ce wayar komawa, kuma in ta katse, sauran biyun ba su da amfani. Kusa da su akwai wayoyin sigina ta hagu da ta dama.

Kowane kamfani yana da launin da ya ba kowace waya. A baburan Honda, da yawancin waɗanda aka ƙera bisa tsarin Honda CG125, wayar komawa koriya ce, ta hasken dare ruwan ƙasa, ta birki koriya mai ratsin rawaya, siginar hagu ruwan lemo, ta dama kuma shuɗiya mai haske. A Suzuki wayar komawa baƙa ce mai ratsin fari, ta birki kuwa fara ce mai ratsin baƙi. A Yamaha wayar komawa baƙa ce wuluk, ta birki rawaya. Abin lura a nan shi ne baƙar waya a Honda ba ta komawa ba ce, ita ce mai ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli. Wanda ya saba da Yamaha ya zo ya haɗa baƙar wayar Honda da jikin babur, nan take zai ƙona fis. Don haka wajibi ne a duba zanen wayoyi da ke cikin littafin babur, ko a gwada kowace waya, kafin a taɓa ta.

Akwai kuma wani abu da mutane da dama ba su sani ba. A ƙananan babura masu yawa, hasken dare ba daga batir yake samun wuta ba, daga kwayil ɗin injin yake samu kai tsaye, shi ya sa ba ya kamawa sai injin yana aiki. Irin wannan wuta mai kai da komo ce, ƙarfinta kuma yana hawa da sauka tare da gudun injin. Fitilar birki kuwa galibi daga batir take sha. Wanda ya jona caja ko na'urar bin sawu a kan wayar hasken dare ta irin wannan babur, ya ba na'urar wutar da ba irin tata ba, ya kuma rage wa fitilar rabonta.

Mahaɗai su ne wuraren da waya ke saduwa da waya, an yi su ne domin a iya cire fitila ba tare da yanka ba. Iri biyu aka fi gani. Akwai mai kama da harsashi, namiji yana shiga cikin mace, kowanne da rigarsa ta roba, faɗinsa milimita 3.5 ko 3.9. Akwai kuma soket na roba mai ɗauke da harsunan tagulla biyu, ko uku, ko shida, a jere.

Yadda ƙarin kaya ke ɓata mahaɗai

Hanya ta farko ita ce fizga. Soket yana da ɗan maɓalli da ake dannawa kafin a raba shi. Mai gaggawa sai ya kama wayoyin ya ja, silin jan ƙarfen da ke ciki su tsinke rabi da rabi, roba kuwa tana nan lafiya, ba mai ganin abin da ya faru.

Ta biyu ita ce cusa baƙuwar waya a cikin bakin mace tare da namiji. Bakin yana buɗewa, ƙarfin riƙonsa ya tafi, daga ranar kuma ba zai ƙara matse namiji sosai ba ko da an cire baƙuwar wayar.

Ta uku ita ce fere roba a tsakiyar waya, a murɗa wata a kai, a naɗe da salatif. Zafin rana da na injin suna narkar da danƙon salatif, ya warware, ruwa da ƙura su shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jan ƙarfe in ya sha danshi yakan yi baƙi ko ya fitar da tsatsa koriya, tsatsar kuma tana bin cikin roba tana cin gaba. A garuruwan bakin teku kamar Legas da Fatakwal da Kalaba, iska mai gishiri tana hanzarta wannan ɓarna. A arewa kuwa ƙura ce ke cika soket, ta riƙe ruwan wanki da na damina.

Ta huɗu ita ce lodi. Wayar fitilar baya siririya ce, kaurinta rabin murabba'in milimita ne ko ɗan fiye da haka, an yi ta ne daidai da abin da za ta ɗauka. In an ɗora mata fitila mai wat 35, an ƙara mata kusan amfiya 3 ke nan, watau sama da ninki shida na abin da hasken dare ke ja. Inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa, har robar soket ta narke ta yi baƙi.

Ta biyar kuwa ita ce matsewa. Wajen ɗaura kariya akan kwance notunan baya, a wasu babura kuma a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu wayar komawa take. Wani ya manta da ita, wani ya mayar da ita a kan sabon fenti, wani kuma ya danne damin waya tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Girgizar hanya sai ta yi ta goga robar har jan ƙarfe ya taɓa jikin babur, abin da makanikai ke kira shot.

Alamomin da za a lura da su

Kowace irin ɓarna tana da alamarta. In fitila tana kamawa tana ɗaukewa a kan gargada, akwai mahaɗin da ya saki ko wayar da ta tsinke a ciki. In tana ci amma haskenta ya dushe, akwai tsatsa a hanya. Wannan dushewa ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwai mai zare in wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30.

In an taka birki sai hasken dare ya mutu, ko sigina ta ɗan yi ja-ja ba a kunna ta ba, ko fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da sigina, to, wayar komawa ce ta lalace, wuta tana neman hanyar komawa ta cikin sauran ƙwayaye. In fis yana ƙonewa duk sa'ad da aka taka birki, wayar birki tana taɓa ƙarfe a wani wuri. In birkin hannu yana kunna fitila amma na ƙafa ba ya kunnawa, ko akasin haka, laifin yana wajen makunnin wannan birkin ne ko mahaɗinsa, ba wajen fitilar ba. In kuwa an ji warin roba tana ƙonewa, a tsaya nan take a kashe injin.

Kayan aiki

Aikin ba ya bukatar kaya masu tsada. Ana bukatar sukudireba da sufanu, da filayar yanka waya, da filayar matse bakin waya, da sababbin bakunan tagulla tare da rigunansu, da waya mai kauri daidai da ta babur, da bututun roba mai tsukewa in ya ji zafi, da maɗauran roba, da samfefa mai laushi, da ɗan giris. Wanda zai yi haɗi da dalma yana bukatar ƙarfen narka ta, da dalma irin ta masu gyaran rediyo. Dalmar da ake shafa wa ruwan asid, irin ta masu gyaran lagireto, ba ta dace da waya ba, domin asid ɗin yana cin jan ƙarfe daga baya.

Ana kuma bukatar abin gwaji. Mitar gwajin wuta ta fi kyau. In babu, ana iya yin fitilar gwaji da ƙaramin ƙwan babur da wayoyi biyu.

Wajen sayen waya a yi hattara. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka yi mata rufin jan ƙarfe a sama. In an kankare silinta da wuƙa sai a ga fari. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi, tana saurin karyewa, ba ta kuma kama dalma sosai. Araha ba ta ado.

Neman wurin da ya lalace

Da farko a kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai haske, a rufe famfon mai. A cire gilashin fitila a duba ƙwan, domin bai kamata a wargaza waya saboda ƙwan da ya ƙone ba. A duba fis. Sa'an nan a cire sirdi da murfin gefe, a bi damin waya da ido da hannu daga fitila har zuwa batir. Duk inda aka ga sabon salatif, nan ne wurin zato na farko.

Bayan haka a cire kayan da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya, ana gwada fitila bayan kowanne. Sau da yawa da zarar an cire mai laifin sai ta dawo.

In ba ta dawo ba, a murɗa makulli, a sa wani ya danne birki, a ɗora waya ɗaya ta fitilar gwaji a kan tsabtataccen ƙarfen babur, a taɓa ɗayar a bakin wayar birki, kafin mahaɗi da kuma bayansa. In ta kama kafin mahaɗi ta ƙi kamawa bayansa, an sami wurin. Haka za a yi wa wayar hasken dare, sai dai a tuna a tayar da injin in babur ɗin mai shan wuta daga kwayil ne. Wayar komawa kuwa ana gwada ta ne da wata doguwar waya, daga gindin fitila zuwa ƙafar batir mai alamar ragi. In fitila ta haskaka da aka yi haka, wayar komawa ce ta mutu.

Mai mita yana iya auna batir tukuna. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 in injin yana kashe. In wutar da ke isa fitilar birki ta gaza ta batir da fiye da rabin bolt, akwai mahaɗin da ke cinye ta a hanya. Yana da kyau kuma a riƙa girgiza kowane mahaɗi da yatsa ana kallon fitila, domin mai sako-sako yakan tona kansa.

Yadda ake gyarawa

1. A kashe makulli, a cire wayar batir ta ɓangaren ragi tukuna. Ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne in sufana ta taɓa jikin babur a lokacin, ba za ta yi tartsatsi kusa da tankin mai ba.

2. Kafin a raba komai, a ɗauki hoton wayoyin da wayar hannu, ko a zana su a takarda. In soket mai harsuna da yawa ne, a riƙa yin waya ɗaya a gama kafin a taɓa ta biyu.

3. In tsatsa ce kawai, kuma bakin bai ƙone ba, a goge namiji da samfefa har ya yi ƙyalli, a goge cikin mace da samfefar da aka naɗe siririya. In bakin mace ya buɗe, a ɗan matse shi da filaya a hankali, har namiji ya riƙa shiga da ɗan ƙarfi.

4. In baki ya yi baƙi don zafi, ko ya karye, ko robar soket ta narke, kankara ba za ta yi magani ba, domin tagullar da ta sha wuta ta rasa ƙarfin riƙo. Sai a canja shi. Harshen da ke cikin soket yana da ɗan haƙori da ke riƙe shi. A zura siririn tsinken ƙarfe ta gaba a danne haƙorin, a zare wayar ta baya. Kada a ja da ƙarfi.

5. A yanke wayar a koma baya har inda jan ƙarfen yake ja mai ƙyalli. In an fere an ga baƙi, a ƙara yankewa. Haɗin da aka yi a kan baƙar waya ba ya daɗewa.

6. A fere roba kamar milimita 5 zuwa 6, ba tare da an yanke ko sili ɗaya ba. A zura rigar roba a jikin wayar tun kafin a sa baki, domin bayan an matse ba za ta shiga ba.

7. Bakin tagulla yana da fukafukai iri biyu. Na gaba su ke kama jan ƙarfe, na baya su ke kama robar waya. A matse kowanne a wurinsa. Sa'an nan a ja wayar da hannu da ɗan ƙarfi. In ta zare, aikin bai yi ba, a sake da sabon baki.

8. Wayar da ke kawo wuta daga batir ita ake sa wa mace mai doguwar riga, wadda ke tafiya wajen fitila kuma a sa mata namiji. Ta haka ko mahaɗi ya rabu a hanya, ɓangaren da ke da wuta yana rufe.

9. In waya ta gajarce saboda yanka, kada a ja ta da ƙarfi don ta kai. A ƙara mata guntuwa mai kauri ɗaya da ita, in da hali mai launi ɗaya. A zura bututun roba tukuna, a saƙa silin biyun cikin juna, a zafafa wayar har dalma ta narke ta shige cikinta. Kada a bari dalma ta bi waya ta yi nisa, domin inda ta sandare nan girgiza ke karyawa. In wayoyi biyu ko uku za a ƙara, kada haɗinsu ya zo wuri guda, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu.

10. A jawo bututun roba ya rufe haɗin, a tsuke shi da zafi. In da ashana ko leta za a yi, lalle ne a tabbata babu ɗigon fetur ko warinsa a kusa.

11. Inda wayar komawa ke ɗaure da jikin babur, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fili, a sa mata baki mai zobe, a ɗaure noti tam, sa'an nan a shafa giris a sama.

12. A shafa ɗan giris irin na lantarki a bakin mahaɗi domin ya hana ruwa shiga, a haɗa har a ji ya kama. A mayar da damin waya ta hanyar da kamfani ya bi da shi, a ɗaure shi da maɗauran roba nesa da taya, da sarƙa, da salansa, da duk wani ƙarfe mai kaifi. A bar masa ɗan sassauci, kada ya yi tauri kamar tsirkiyar baka.

Mayar da kayan da aka ƙara

Gyaran ba zai yi ƙarko ba in an mayar da kayan yadda suke a da. Ƙa'idar ita ce wayoyin fitilar baya nata ne ita kaɗai. Duk abin da aka ƙara a ba shi wayarsa daga batir, a sa masa fis nasa kusa da batir ɗin, daidai da ƙarfinsa. Caja ko na'urar bin sawu fis mai amfiya 2 ko 3 ya ishe ta. Abin da ke jan wuta da yawa, kamar babban hon ko ƙarin fitilar gaba, a haɗa shi ta hanyar rile, watau ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke buɗewa domin babbar wuta ta wuce ta wata waya dabam. Da rile kuma ake sa kayan su mutu in an kashe makulli, kada su shanye batir cikin dare.

A tuna kuma injin ƙaramin babur ba ya samar da wuta mai yawa. In kayan da aka ɗora sun fi abin da yake samarwa, batir zai riƙa raguwa kullum, fitilar birki kuma ta riƙa dushewa tare da shi.

Wanda ya canja fitilar baya zuwa irin ta zamani da ake kira LED, ya sani ita tana da gaba da baya, in an juya wayoyinta galibi ba ta kamawa. Ya kuma tabbata hasken birki ya fi hasken dare ƙarfi sosai, yadda na baya zai bambance su da kallo ɗaya.

Babban abin gargaɗi shi ne fis. Babban fis na ƙananan babura galibi mai amfiya 10 ne ko 15. An yi shi ne domin ya ƙone kafin waya ta ƙone. Wanda ya ɗaure wurinsa da waya, ko da takardar sigari mai ƙyalli, ya mayar da damin waya duka ya zama fis, damin nan kuwa a ƙarƙashin tankin fetur ya bi. In fis ya ƙone sau biyu a jere, a nemi dalili, kada a sa wanda ya fi shi girma.

Gwaji bayan gyara

A mayar da wayar batir, a tayar da injin, a gwada abubuwa biyar ɗaya bayan ɗaya: hasken dare, birkin hannu, birkin ƙafa, siginar hagu, siginar dama. Sa'an nan a kunna hasken dare da sigina tare, a taka birki, a ga ko wani yana shafar wani. A kunna kayan da aka ƙara a sake gwadawa. A mayar da sirdi, mutum ya hau ya zauna, a sake gwadawa, domin wata waya ba ta matsuwa sai nauyi ya hau. Bayan tafiyar kamar minti goma a taɓa mahaɗan da aka gyara. Haɗi mai kyau ba ya zafi.

Wanda ya kai babur wurin mai rewaya yana da hakkin ya ce a nuna masa haɗin kafin a rufe, ya kuma tambayi inda aka sa fis ɗin sabon kayan. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. In kuwa ɓarnar ta kai ga wayoyi da yawa sun narke sun manne da juna, faci ba zai yi ba, sai a canja damin duka.

Doka da al'adar kullum

Dokokin hanya na Nijeriya sun wajabta wa kowane babur farar fitila a gaba da ja a baya. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, da jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi, suna da ikon tsayar da wanda fitilarsa ba ta aiki. Sa farar fitila ko shuɗiya a baya a maimakon ja yana rikita na baya, ya kasa gane ko babur ɗin tahowa yake ko tafiya. Gilashin da ya fashe a canja shi da ja, domin ban da launin, shi ke hana ruwa shiga gindin ƙwai. Kayan da aka ɗaura a kariya, ko rigar fasinja, kada su sauko su rufe fitila.

Tara dai kuɗi ce, ana biya a wuce. Abin da motar da ta zo ta baya ke yi wa mai babur da fasinjansa ba a biyansa da kuɗi. Saboda haka ya kamata kowane mai babur ya mayar da duba fitilar baya al'adarsa, kamar yadda yake duba mai. Kafin ya fita da safe, da kuma in magariba ta gabato, ya tayar da injin, ya miƙa tafin hannunsa bayan fitila, ya danna birki ya ga ja a hannunsa. Ko kuwa ya juya bayan babur ga bango ya dubi hasken. Abin bai fi daƙiƙa goma ba. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuma su sa 'ya'yansu su riƙa duba wa juna a tasha, wanda ya ga ɗan'uwansa yana tafe ba ja a baya ya tsayar da shi ya faɗa masa.

In haɗari ya auku a hanya, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta lamba 122, kiran kuwa kyauta ne.